Jakin da Mama Ta Harhaɗa

Ina kicin ina ɗauraye kofuna na ji bokiti ya kife a ɗakin baya, daga nan kuma shiru. Shirun ne ya sa na ajiye kofin da ke hannuna. Mijina ba mai shiru ba ne. In abu ya suɓuce masa sai ya yi masa faɗa kamar mutum, ya kuma kira ni in zo in ba da shaida.

Bahago ake ce masa tun yana firamare, don da hagu yake yin komai. Mai aski ne, suna da shago a bakin titi shi da abokin aikinsa, kujeru biyu da dogon madubi. Ni kuma lissafi nake koyarwa, shi ya sa ko a gida Malama yake kira na. A lokacin cikina na fari yana wata bakwai, shi kuwa ya ƙudurta da hannunsa zai yi wa jaririn gado. Bai taɓa koyon aikin kafinta ba. Ya dai sayi zarto da guduma da tef ɗin awo, ya share ƙaramin ɗakin da muke jibge tarkace a bayan gida, ya mai da shi wurin aiki. Duk ranar da ba ya zuwa shago, can yake wuni.

Abin da ba shi da shi shi ne wurin ɗora katako. Bokitan fenti biyu na roba yake kifawa, ya gitta katakon a kai, ya danne da hannun dama, ya yanka da hagu.

Na same shi a tsaye, ya rungume hannun daman a ƙirjinsa, jini na bin gwiwar hannun yana ɗiga a siminti. Bokiti ɗaya ya gangara har bakin ƙofa.

"Malama, kada ki tsorata," ya ce. "Miƙo mini tawul, ki tsayar da tasi."

A asibiti likitar da ta duba shi ta ce zarton ya datse jijiyar da ke ɗaga babban yatsa. Suka ɗinke ta, suka ɗaure yatsan a jikin wata roba mai tauri, suka naɗe hannun da bandeji har wuyan hannu. Ta ce mako huɗu kada ya kuskura ya motsa shi.

"Likita, zan iya riƙe mataji da shi?" Bahago ya tambaya. Da hagu yake riƙe injin aski, amma mataji da dama ne, kuma da babban yatsan yake jan fatar mutum in zai yi gyaran fuska.

"Sai mun kwance za mu sani," ta ce. "Sau da yawa tana kamawa. Wani lokaci kuma sai an sake aiki."

Muna dawowa gida ban ko cire takalmi ba na wuce ɗakin baya, na ja ƙofar, na danna mata kwaɗo, na jefa makullin a gwangwanin allin da ke jakar makarantata. Na kuma shirya maganganun da zan gaya masa ranar da ya nemi makullin. Na tsara su ɗaya bayan ɗaya kamar darasi, ina maimaitawa a hanyar makaranta.

Bai nema ba. Kwana uku, mako guda, kwana goma, ko kallon ƙofar bai yi ba. In zai je shanya a bayan gida sai ya zagaya ta ɗaya gefen. Yana wuni a kujerar falo, hannun a kan filo, talabijin a kunne amma idonsa ba a kai yake ba. Abokin aikinsa in ya bugo waya don ya ba shi labarin shago, "to" da "madalla" kawai nake ji. Mutumin da ko mai gyaran famfo ya shigo gidanmu sai ya san sunan 'ya'yansa kafin ya fita. Na yi ta jiran faɗan da bai zo ba, har na fara gwammace a yi shi.

Mama ta iso a mako na biyu. Da ma za ta zo ta zauna da mu in haihuwa ta matso, da ta ji labari sai ta ɗauko jakarta tun da wuri. Mahaifiyata gajeriya ce, ta haura sittin, ta yi shekara talatin tana sayar da zare da maɓalli a ɗan shagonta kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ba ta cika tambaya ba, kallo take yi. Kwana biyu tana kallon surukin nata. A rana ta uku, da na dawo daga makaranta, ta biyo ni ɗaki ta miƙo mini tafin hannu.

"Ba ni makullin."

"Mama, ɗakin nan ba abin gani a ciki. Ko jinin ban goge ba."

"To ai shi ya sa."

Muka shiga tare. Jinin ya bushe ya yi baƙi a simintin, katakon da yake yankawa yana nan yashe, zarton a gefensa. Mama ta ɗauki zarton, ta duba haƙoransa a hasken taga, ta jingine shi. Ta kife bokitin nan, ta ɗora tafin hannu a kai ta ɗan danna. Robar ta lotsa, bokitin ya zame gefe.

"Ga wanda ya yanke shi nan," ta ce. "Zarto aikinsa ya yi. Ina jakinsa?"

"Wane jaki kuma?"

"Abin da ake ɗora katako a kai a yanka. Gungume ɗaya a sama, ƙafa huɗu a buɗe. Babana jaki yake ce masa, wai shi ma kaya yake ɗauka ba ya ƙorafi. Mutum ya sayi zarto ba shi da jaki, ai ya sayi wuƙa ne ya kama ta ta baki."

Na san kakana kafinta ne, amma ya rasu tun ban yi wayo ba. Na ce mata ni dai so nake a kwashe kayan nan a ba mai so, gado kuma mu saya a kasuwa kamar kowa.

"Gado ki saya, ba mai hana ki," ta ce. "Amma kin lura mijinki tsoron ƙofar nan yake yi? Ke kina ganin kin rufe masa ɗaki ne. Shi kuwa daɗi ya ji da kika rufe. In aka bar shi haka, ranar da aka kwance hannun nan reza ma sai ta gagare shi ɗauka."

Abin da ta faɗa ni ma ina gani, ban dai yarda na faɗa wa kaina ba.

"To wa zai yi jakin? Mu kira kafinta?" na ce.

"Ni zan yi."

Na yi dariya, na ga ita ba ta yi ba. Nan ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba a shekaruna talatin da ɗaya. Ita ce babba a gidansu, kuma tun tana shekara goma ita ke riƙe wa babanta katako. Da idonsa ya fara rauni ita ke ja masa layi, daga baya har yanka ita ke yi. Shekara bakwai suna haka, sai da ƙannenta maza suka tasa aka ce ta koma cikin gida. Tun daga nan ba ta sake taɓa zarto ba.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba?"

"Wa ya tambaye ni? Ɗebo ruwa da tsumma mu goge wurin nan."

Ranar Asabar da safe muka je wurin mai katako mu uku. Bahago bai so zuwa ba, Mama ta ce ba ta san hanya ba, ni kuma ba a barin mai ciki ta yi ta yawo cikin katako ita kaɗai. Kunyar suruka ta sa ya saka takalmi. A rumfar, mai katakon ya zaro mana na saman tuli. Mama ta ɗaga bakin kowanne ta kai ido, ta leƙa tsawonsa kamar mai saita bindiga. Wannan ya lanƙwashe, wancan ɗanye ne, wannan yana da ƙulli daidai inda ƙusa za ta shiga. Sai da ta mayar da bakwai kafin ta zaɓi uku.

"Mama, ko dai kafinta kika aura?" in ji mai katakon.

"Kafinta ne ya haife ni," ta ce.

A gida aka fara da awo. Mama ta sa Bahago ya tsaya, ta ce in auna daga ƙasa zuwa ƙoƙon gwiwarsa. Na samu santimita hamsin da biyar.

"Tsayin jakin ke nan," ta ce masa. "Ɗan nan, gwiwa ke riƙe katako, ba hannu ba. Ka ɗora gwiwa, nauyinka ya danne shi, hannunka yana can nesa da baki."

"Haka ne, Mama," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ta yago kwalin sabulu, ta yanke gefensa a karkace da almakashi. Da shi za a ja layin kan ƙafafun, don su buɗe gefe da gefe, su kuma ɗan buɗe gaba da baya. Na ɗauko abin auna kusurwa daga jakata na gwada, na ce ai wannan kusan digiri goma sha biyar ne.

"Ni ban san digiri ba," ta ce. "Na dai san jaki in an yi masa lodi buɗe ƙafa yake yi. Ja layin."

Matsalar ita ce ba mu da wurin ɗora katakon da za mu yanka mu yi wurin ɗora katako. Mama ta duba ta ga dakalin bakin ƙofar ɗakin, na siminti, tsayinsa taki ɗaya. Ta gitta katakon a kai, bakinsa ya leƙo waje.

"Ɗan nan, zo ka zauna a nan. Ba hannunka muke so ba, nauyinka muke so."

Bahago ƙato ne, in ya zauna a abu ya zaunu. Ya zauna a kan katakon ya ba zarton baya. Mama ta ɗaure zaninta, ta durƙusa a kan filon kujera saboda gwiwarta, ta ja zarton baya sau uku a hankali har ya yi hanya, sannan ta fara turawa. Yankan farko ya ɗan kauce. Ta tsaya ta yi tsaki, ta gyara zama. Daga na biyu sai hannun ya tuna. Ban taɓa ganin mahaifiyata haka ba, leɓenta a cije, kafaɗarta na tafiya daidai da daidai, garin katako na zuba a kan ƙafarta.

Ni ina gefen da nake ganin fuskar mijina. Duk lokacin da zarton ya yi ƙara sai ya runtse ido. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, alhali ba rana a wurin. Amma bai tashi ba.

An yanka gungumen sama, an yanka ƙafa uku, sai Mama ta jera su a ƙasa ta tsaya tana kallo. Ta juya ta uku, ta sake juya ta.

"'Yar nan, duka huɗun gefe ɗaya kika ja layin?"

"Eh mana. Ba iri ɗaya ba ne?"

"Takalmanki iri ɗaya ne? Biyu dama, biyu hagu. Kifa kwalin za ki yi. Yanzu mun yi wa jakin ƙafar dama uku."

Na kalli katakon na ga gaskiyarta, kunya ta rufe ni. Abin da nake zana wa yara a allo duk shekara.

"Yara nawa ne a ajinki?"

"Arba'in da biyu."

"Allah ya ba iyayensu haƙuri."

Ƙafar da ta lalace ba ta gyaruwa sai ta gajarce, kuma katakon da ya rage ba zai ba da biyu ba. Ina lissafin komawa wurin mai katako sai na ji muryar Bahago, bai ko juyo ba.

"Akwai irinsa a bayan ƙofa, cikin na gadon. Na biyu daga bango, shi ya fi miƙewa. Ku ɗauka, Mama."

Tun ranar da muka dawo daga asibiti bai yi magana mai tsawon wannan ba.

Washegari aka yi haɗi. Mama ta shafa gam a kan kowace ƙafa, ni ina riƙewa a jikin gungumen, ita tana bugawa. Kafin ta buga kowace ƙusa sai ta kifa ta a siminti ta ɗan daki tsininta da guduma. Bahago, da aka ba shi aikin miƙo ƙusa, ya kasa haƙuri.

"Mama, me ya sa kuke dakushe ta?"

"Mai tsini tsaga katako take yi. Dakusasshiya huda shi take yi ta wuce."

"Ashe shi ya sa nawa suke ta tsagewa."

"Kuma ka lura, duk ta gefe nake bugawa. Ko ɗaya ba a sawa a gadon bayan jaki, don watarana zarto zai bi ta wurin."

Ya matso da kujerarsa. Kafin rana ta yi tsaka ya ajiye gwangwanin ƙusar, yana riƙe ƙafa da hagunsa, yana gaya mini na karkata. Mama ta yanko falle biyu na siririn katako, sama a tsuke ƙasa a buɗe, ta buga ɗaya a kowane ƙarshe don ya ɗaure ƙafafu biyun da ke wurin. Muka tayar da shi a tsakiyar ɗakin. Ya yi kyau, sai dai da na taɓa shi ya yi rawa, ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa ba.

Na ɗauka wani kuskuren na sake yi. Mama ta ce ba jakin da ake haifa da ƙafa daidai. Ta cusa guntun kwali a ƙarƙashin gajeriyar har ya daina motsi, ta kwantar da fensir a kan wani siririn guntun katako, ta zagaya kowace ƙafa da shi a ƙasa. Ta bi layukan ta rage kaɗan-kaɗan. Da muka sake tayar da shi, ya tsaya cak kamar an dasa shi.

Saura sanduna biyu da za su haɗa ƙafafun gaba da na baya ta kowane gefe. Mama ta ce sai gobe, gam ɗin ya kwana.

Litinin na dawo daga makaranta na tarar da ita zaune a dakalin tana murza kafaɗarta da man zafi. Bahago na tsaye a cikin ɗakin, shi kaɗai, yana shafa gadon bayan jakin.

"Kafaɗar nan ta ƙi," in ji Mama. "Shekara hamsin tana hutu, na tashe ta kwana biyu, ta ce ba da ita ba."

Ta dai daure ta tashi. Ta ɗora katakon a kan jakin, na ja layi, ta ja zarton baya sau huɗu har ya yi hanya mai zurfi. Sai ta tsaya, ta bar zarton a tsaye a cikin hanyar.

"Ɗan nan, ƙarasa."

"Mama, likita fa ta ce kada ya motsa hannun," na ce.

"Hannun dama ta ce. Kin ji ta yi maganar hagu?"

Bahago ya kalli zarton, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kalle ni.

"Malama, in kin ce a'a na bari."

Da zan bi zuciyata a'a zan ce. Har yanzu in na rufe ido ina ganin tawul ɗin nan da ya rine. Amma na dubi jakin, na tuna da hannuna na riƙe kowace ƙafarsa, na san ƙusa nawa ke ciki da inda kowace ta bi. Na je na jijjiga shi da ƙarfina, bai motsa ba.

"Sa hannun daman cikin rigarka," na ce. "Ka ɗora gwiwar sosai."

Ya cusa hannun mai bandeji tsakanin maɓallan rigarsa, ya ɗora gwiwar dama a kan katakon, ya kama zarton da hagu. Turawar farko zarton ya ƙage. Mama ta ce kada ya danna, ya bar nauyin zarton ya yi aikin. Ya sake turawa, ya tafi. Na shiga ƙirgawa ba tare da na yi niyya ba. A ta ashirin da uku guntun ya faɗi ƙasa. Katakon yana inda yake, jakin yana inda yake, hannun yana cikin riga.

Ya sauke gwiwar, ya fitar da wani dogon numfashi, ya goge goshinsa da damtse.

"Kawo ɗayan," ya ce.

Na biyun shi ya fara shi da kansa, ya kuma gama. Mama ta buga sandunan, tana yi tana cije baki, daga nan na san ciwon kafaɗar ba na dabara ba ne kawai. Da aka gama ta ce sai an gwada. Ta sa Bahago ya zauna a tsakiya, ya yi sukuwa kamar yaro. Jakin ko ƙis bai yi ba. Ita ma ta zauna a gefensa, ta ce in zo. Na zauna a ɗaya gefen a hankali, ina tallafe da cikina, muka matsu kamar a kujerar bayan tasi.

"Mutum huɗu ke nan," in ji Mama. "Ya yi."

Bahago ya daki gungumen da tafin hagunsa, ya kalli cikina, ya kalli jakin.

"Abin nema ya samu," ya ce, "matar mai aski ta haifi jaki."

Mama ta rufe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na yi dariya har sai da jaririn ya harbe ni. Ranar Bahago ya ci abinci faranti biyu, ya kuma buga wa abokin aikinsa waya da kansa, suka yi kusan awa suna gardama a kan wani mai gemu da ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai Bahago.

Ranar da mako huɗu suka cika muka koma asibiti. Likitar ta warware bandejin, ta cire robar. Yatsan ya rame, ya yi fari, fatar ta yamutse kamar ta wanda ya daɗe a ruwa, ga tabon ɗinkin ja a gindinsa. Ta sa ya kifa tafin hannun a kan tebur.

"Ɗaga babban yatsan kawai."

Ba abin da ya motsa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na kama bakin teburin.

"A hankali. Ya manta ne, tuna masa."

Sai yatsan ya yi ɗan karkarwa, ya rabu da teburin. Bai fi kaurin fensir ba, amma haske ya shiga ƙarƙashinsa. Likitar ta ɗora ɗan yatsanta a kan tabon ta ce ya sake. Ya sake.

"Jijiyar ta kama," ta ce. "Ina jin tana ja. Sauran aikin motsa jiki ne, zan nuna maka yadda za ka riƙa yi. Nan da mako uku ka gwada matajinka."

Ban san yadda na fito ba. Na dai tsinci kaina zaune a bencin baranda, hawaye na zuba ba tare da kuka ba. Bahago ya fito da takardarsa ya zauna kusa da ni, yana ta ɗaga yatsan yana saukewa a kan cinyarsa, yana kallonsa kamar baƙon da aka daɗe ana jira. Can sai wata irin yunwa ta taso mini, irin wadda rabona da ita tun kafin abin ya faru. A ɗan shagon bakin ƙofar asibitin na ci burodi guda da dafaffen ƙwai uku, na sha shayi kofi biyu, mai shagon na ta satar kallona.

Mama na bakin ƙofar gida muka iso. Bahago ya ɗaga mata yatsan. Ta kama hannun ta duba tabon, ta ce alhamdu lillahi sau biyu, ta sake shi.

"To ka ji," ta ce. "Jaki ɗaya ba ya ɗaukar dogon katako, kuma gefen gadon nan dogo ne. Sai da na biyu. Wannan kai za ka yi, ni na ajiye aiki."

Ya koma shago bayan mako uku. Kwanakin farko matajin na suɓuce masa, daga baya ya daina. Jaki na biyu ya ɗauke shi Lahadi biyu, Mama na zaune a dakali ba ta sa baki sai ya tambaya, layi kuma bai yarda na ja masa ba. Gadon ne bai kai kan lokaci ba. 'Yarmu ta riga shi zuwa da kwana tara, ta yi su a gefena, ba ta kuma yi ƙorafi ba. Da aka shigo da shi falo yana ƙamshin sabon katako, Mama ta bi kowane lungu da tafin hannu tana neman abin da zai karci jaririya, ba ta samu ba.

Ta yi wata uku da mu ta koma gidan yayana, inda take zaune. Bahago ne ya raka ta tasha, na kuma ga ya riƙe mata wani dogon ƙunshi a takarda ban tambaya ba. Bayan mako guda yayan nawa ya bugo waya, muryarsa a gajiye.

"Wai wa ya ba Mama zarto? Ta cire ƙofar kicin, ta ce shekara ashirin tana kallonta a karkace. Yanzu kuma kujerun falo take zagayawa."

Bahago na gefena yana jijjiga 'yar a kafaɗarsa. Na karɓe ta, na miƙa masa wayar, na ce ya yi wa yaya bayani da bakinsa.